Ranar biki a ƙasar wani, mutum ne ke ba ka ita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, domin akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, ƙarshen shekarar nan kuma ya sake taso mini da ita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen tsofaffi na wani asibiti a arewacin Ingila. Na zo ƙasar nan a watan Oktoba na 2019, saboda haka bikin Kirsimeti na bana, wato 2025, shi ne na bakwai da zai same ni a nan, kuma babu ko ɗaya da bai same ni a bakin aiki ba. Ba tilasta mini ake yi ba, ni nake zuwa da ƙafata in ce a sa sunana. Dalilin da ya sa nake yin haka shi nake so masu karatu su ji, musamman waɗanda suke da ɗa ko 'ya ko miji a ƙasar waje, da kuma masu shirin fitowa.

A shekarar farko babu wanda ya gaya mini cewa ranar 25 ga Disamba ƙasar nan tsayawa take yi cak. Na fito da asuba na tsaya a inda na saba shiga bas, na fi minti ashirin, ko ƙeyar mota ban gani ba. Ashe ranar babu bas a garin, babu jirgin ƙasa a faɗin ƙasar, hatta jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan ba sa aiki. Manyan kantuna kuwa doka ce ma ta hana su buɗewa, tun 2004. Haka na tafi asibiti a ƙasa, tafiyar minti hamsin cikin duhu, sanyi yana ratsa takalmina. A irin wannan lokaci rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin 4 na yamma kuma ta faɗi. Kowane gida na wuce da fitilu masu ƙyalƙyali a taga, ƙofa a rufe, babu motsin kowa a titi. A ranar na fahimci cewa bikin mutanen nan na cikin ɗaki ne, kowa da iyalinsa. Wanda ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, to ba shi da biki, ko da kuwa a garin aka haife shi.

Wata tsohuwa ce ta tabbatar mini da hakan, tana gado na uku daga taga. Ta haura shekara tamanin, ta karye a ƙugu. Tun safe ta ce in taje mata kai, in ɗauko mata jar rigar sanyinta daga cikin jaka, domin ɗanta zai zo. Na taje mata, na gyara mata matashi, ta riƙe wani kati a hannu wanda ta rubuta masa da kyarmar hannu. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga kai. Ƙarfe 3 aka kunna talabijin don jawabin Sarauniya, abin da masarautar ƙasar ta saba yi duk ranar Kirsimeti tun daga 1932 da aka fara ta rediyo. Aka gama jawabi, lokacin ziyara ya ƙare, ɗan bai zo ba. Da na zo ba ta maganin dare sai ta kama hannuna ta ce, ke ma mahaifiyarki tana can tana jiranki ko? Na ce mata e. Ta ce to zauna kaɗan. Na zauna minti biyar, ba mu ce wa juna komai ba. Katin yana kan ƙirjinta har ta yi barci.

Ban san zafin abin da ta ji ba sai da tawa ranar ta zo. Ƙaramar Sallah ta 2020 ta faɗo ranar Lahadi 24 ga Mayu, ana tsakiyar kullen korona. Masallatai a rufe, babu idi, babu ziyara. Ina aiki ranar, cikin rigar leda da takunkumi, gumi yana bin bayana. A ɗakin canza kaya na yi kabbarorina a hankali, ni kaɗai, fuskata tana kallon akwatin ajiye kaya. Babu wanda ya ce mini barka da Sallah har aka tashi, ba don ƙiyayya ba, sai don babu wanda ya san Sallah ake yi. Mijina da yarana a lokacin ba su iso ba tukuna. Na sa rai ga Babbar Sallah, na nemi hutu, aka ba ni, wasu 'yan uwa Musulmi a wani gari kusa da Mancesta suka ce in zo. Daren jajibere, 30 ga Yuli, gwamnati ta ba da sanarwar hana shiga gidajen juna a yankin Mancesta da wasu sassan arewa, dokar ta fara aiki da tsakar daren. Na wayi gari da kayana a goge a kan gado, babu inda zan je da su.

Malam Edita, abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, idan ka je aiki ƙasar wani, kalandarsa za ka bi. A Ingila da Wales ranakun hutun ƙasa takwas ne a shekara: ranar Sabuwar Shekara, biyu na Ista, biyu a watan Mayu, ɗaya a ƙarshen Agusta, sai 25 da 26 ga Disamba. Babu Sallah a ciki, duk da cewa ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai miliyan 3.9 a yankunan biyu, wato kashi 6.5 cikin ɗari. Doka ta ba ma'aikaci hutun mako 5.6 a shekara, kwana 28 ke nan ga mai aikin kwana biyar a mako, daga ciki za ka yanki ranar Sallarka. Akwai dokar daidaito ta 2010 da ta hana a nuna wa mutum bambanci saboda addininsa, amma ba ta ce dole a sake ka ranar idi ba. Idan shugabar sashe ta duba ta ga babu isassun hannu, tana da ikon ta ce a'a, kuma ba ta karya doka ba. Majinyaci ba ya daina buƙatar a juya shi a gado don ana biki.

Sai kuma matsalar wata, wadda ita ce ta fi wahalar bayani. Jadawalin aikinmu yakan fita makonni shida kafin lokaci. Ka je ka ce wa Baturiya kana son hutu ranar Lahadi ko Litinin, ba ka tabbatar ba sai daren ranar, sai ta dube ka tana neman ƙarin haske. Na sha zama ina bayyana cewa shekararmu ta wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa Sallah take matsowa baya kowace shekara, kuma sai an ga jinjirin wata ake yankewa. Wannan duk ana ganewa. Abin da na kasa karewa shi ne rabuwar kanmu. A gari ɗaya wani masallaci yana bin sanarwar Saudiyya, wani yana jiran Maroko, wani ya ce sai an gani a sararin ƙasar nan. A Ƙaramar Sallah ta 2025 wasu sun sauko idi ranar Lahadi 30 ga Maris, wasu sai Litinin 31. Mu biyu ne Musulmi a sashenmu, ni da wani ɗan Pakistan, kowa ya kai takardar neman hutu da ranarsa daban. Ba ni da ilimin da zan raba wa malamai gardama, amma ina roƙonsu don Allah su tuna da mai aikin albashi. Rana ɗaya tak aka ba shi, idan ya kuskure ta sai baɗi.

To a cikin wannan hali wa yake ba ka ranarka? Ni dai wata 'yar Filifin ce ta fara ba ni tawa. Mun fara aiki kusan lokaci ɗaya, Kirista ce 'yar ɗariƙar Katolika, tana da yara biyu da ta bari wurin mahaifiyarta. Ana saura mako biyu Kirsimetin 2020 na same ta a ɗakin shan shayi ta zuba wa jadawali ido, idanunta sun yi ja. An sa ta aiki ranar 24 da 25. Ta ce mini a ƙasarsu tun daga 16 ga Disamba ake zuwa coci da asuba har kwana tara, a daren 24 kuma iyali suke haɗuwa da tsakar dare. Manila, babban birnin Filifin, tana gaban Ingila da awa takwas a lokacin sanyi, ke nan tsakar darensu ƙarfe 4 na yammanmu ne, daidai lokacin da muke rabon magani. Abin da take so kawai ta zauna gaban waya ta ga yaranta suna buɗe kyautar da ta aika. Na ce mata ki bar mini kwana biyun. Ba mu yi wata yarjejeniya ba, ban ma kawo komai a raina ba.

Da azumi ya zo ƙarshe a watan Mayun 2021, sai ga ta da takarda a hannu. Ta je ta bincika da kanta, ta gano cewa ranar ba ta da tabbas, sai ta gaya wa shugabarmu cewa ranaku biyun da ake tsammani duk a ɗora mata, ko wacce ta kama. Ta ce mini, ki je ki yi sallarki, kada ki duba waya. Ranar na tsaya a sahu a karon farko tun zuwana, muna nesa da juna saboda dokar korona, kowa da dardumarsa, amma da liman ya ɗaga murya da kabbara sai hawaye suka zubo mini, na kasa tsayar da su har aka sallame. A gefena 'yar Somaliya ce, a ɗaya gefen 'yar Bangaladash, ba mu jin harshen juna, muka gaisa da ido da hannu a ƙirji.

Tun daga nan abin ya zama ɗabi'ar sashenmu, ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba. Akwai takarda manne a bayan ƙofar ɗakin shayi, kowa ya rubuta ranar da ba ya so a taɓa masa. 'Yan Indiya biyu, ɗaya tana son ranar bikinsu na Diwali a Oktoba ko Nuwamba, ɗayar 'yar jihar Kerala ce, nata bikin Onam ne wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Akwai ɗan Habasha mai goge-goge, Kirsimetinsu sai 7 ga Janairu. Turawan da ke cikinmu su ma sun shiga, domin sun ga amfaninsa: mai ƙananan yara tana samun safiyar 25 ga Disamba a gida. Gaskiya ne ana ƙara kuɗi ga wanda ya yi aiki ranar hutun ƙasa, ba zan ɓoye ba, kuma kuɗin yana da amfani. Amma ko babu ƙarin zan yi, domin na san abin da nake saya da wannan rana.

Ƙanena yana aiki a Doha, can kuma abin a juye yake. Sallah hutu ne na kwanaki, gari ya ɗauka gaba ɗaya, 25 ga Disamba kuwa ranar aiki ce kamar kowace. Ya ce abokan aikinsa Kiristoci daga Kenya da Filifin haka suke wuni a bakin aiki, sai dare su kira gida. Na ce masa to kai ne mai gari a can, abin da aka yi wa yayarka a nan sai ka rama musu.

Layya kuwa a nan ba a yanka a gida, doka ta ce sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Ko ka ba mahauci oda ka karɓi nama bayan kwana ɗaya ko biyu, ko ka aika a yi maka a wata ƙasa. Yarana, da suka iso a 2022, makaranta tana ba su izinin rana guda don idi, washegari su koma aji. Nakan kai su babban filin Platt Fields a Mancesta idan yanayi ya yi kyau, su ga dubban mutane a sahu, domin kada su tashi suna zaton Sallah wani abu ne da iyayensu kaɗai suke yi a ɗaki. A Disamba kuma sukan dawo da tambayoyi, me ya sa ba mu da bishiya a falo. Ina ba su amsa a natse, ina kuma tura su su kai wa maƙwabciyarmu kati, tsohuwa ce mai zaman kaɗaici. Maƙwabci yana da haƙƙi, ko wane addini yake bi.

Yanzu bari in juyo ga 'yan uwa na gida, kuma ina roƙon a yi mini kyakkyawar fahimta. Hoton da kuke gani mun sa a Facebook, muna tsaye cikin kwalliya a gaban wani gini, sau da yawa a minti goma aka ɗauke shi, tsakanin saukowa daga idi da komawa aikin dare. Ana saura mako biyu biki waya takan fara ƙara, saƙo a kan saƙo, kowa da buƙatarsa. Ba na ƙorafi da aike, don shi muka fito, kuma dukiyar da ba ta amfani dangi ba ba ta da albarka. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 ma'aikatan ƙetare sun aika kimanin dala biliyan 656 zuwa ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Kowace dala a cikin wannan lissafi wani ne ya tsaya da ƙafarsa awa goma sha biyu. Abin da yake yi mini ciwo shi ne, da zarar kuɗi ya shiga sai wayar ta yi tsit. Ranar bikin kanta, ranar da mutum ya fi buƙatar ya ji murya, kowa ya shiga hidimarsa. Akwai Sallar da mutum goma sha ɗaya suka tuntuɓe ni kafin ta zo, na ƙirga, a ranar kuwa mahaifiyata ce kaɗai ta kira. Ta ce, 'yar nan, kin ci abinci kuwa? Wa kika gani yau? Tambaya biyu ke nan, kuma su suka riƙe ni har dare.

An ce zumunta a ƙafa take. Wanda teku ya raba ku da shi ƙafa ba ta kai wa gare shi, sai murya. Ku kira shi a ranar, ku juya wayar ya ga tsakar gida, ku miƙa wa tsofaffi su sa masa albarka, ku bar yara su yi masa surutu. Kada a haɗa kiran da wata buƙata, a bar buƙatar sai jibi.

Mu ma da muke nan akwai namu laifin. Akwai masu ƙin neman hutu a kan lokaci, sai ranar idi da asuba su buga waya su ce ba su da lafiya. Wannan ƙarya ce a ranar ibada, kuma wata baiwar Allah ce za a bari da majinyata goma sha biyu ita kaɗai. Bayan haka duk Musulmin da ya zo neman hutu da gaskiyarsa sai an yi masa kallon zargi. Tun ran gini tun ran zane: da shekara ta kama ka duba lissafin wata, ka nemi kwana biyu a jere, ka sami wanda za ku yi musaya, kai ma ka tsaya masa a tasa ranar. Sannan mu da Allah ya haɗa da iyalanmu mu tuna da waɗanda ba su samu haka ba. Daga 11 ga Maris na 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin masu zuwa aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi su taho da mata ko miji ko 'ya'ya. Da yawansu suna ƙananan garuruwa inda babu masallaci, babu cocin da suka saba, babu mai jin harshensu, suna zaune a ɗaki ɗaya na haya. A Babbar Sallar da ta wuce mijina ya ɗauko mana wata yarinya irin wannan daga tashar jirgi, wata abokiyar aiki ce ta haɗa mu. Ta ce wata goma sha huɗu rabon da ta ci abinci tare da wani a faranti ɗaya. Da za ta tafi ta rungume ƙaramar 'yata ta daɗe ba ta sake ta ba, tata 'yar tana can gida, shekarunsu ɗaya.

Wani lokaci nakan yi tunanin shekarar 2033, idan Allah ya kai mu. Bisa lissafi Ƙaramar Sallah za ta faɗo a cikin makon Kirsimeti, kamar yadda ta yi a ƙarshen Disambar 2000. Na gaya wa ƙawata 'yar Filifin, muka duba takardar bayan ƙofa, ta ce sai mu raba, ke ki ɗauki safiya ki je idi, ni in ɗauki yamma in kira Manila.

Bana ma sunana yana kan jadawali, 24 da 25 ga Disamba, daga 7:30 na safe zuwa 8 na dare. Na riga na yi magana da mai tasi tun farkon wata, na sayi ƙaramin mataji sabo na sa a aljihun rigar aiki, domin a gado na uku daga taga yanzu ma akwai wata tsohuwa, kuma ta ce mini 'yarta za ta zo. Ƙawata kuma ta riga ta rubuta sunanta a ranakun 20 da 21 ga Maris na 2026, inda ake sa ran Ƙaramar Sallah. Hutun rabin awa nake samu da misalin ƙarfe 2 na rana, wayata tana kunne a lokacin.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka. Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya,
daga arewacin Ingila.